Taki Kafin Shuka, Mai Saye Kafin Girbi

Buhun takin zamani da ya iso Kabo a tsakiyar Agusta ya makara. Masarar da aka shuka a Yuni ta riga ta yi goyo, abin da za ta bayar ta riga ta nuna shi. Manomi zai karɓi buhun, ya yi godiya yadda tarbiyya ta koya masa, sannan ya ɗora shi a babur ya kai wa mai shago, ko ya jingine shi a zaure har lokacin noman rani. A ofis kuwa za a rubuta an raba taki ga manoma kaza, kuma ba ƙarya aka rubuta ba. Da wannan buhun ya sauka a ƙarshen Mayu, da ya zama hatsi a rumbu. Kuɗin da aka kashe ɗaya ne, motar da ta ɗauko shi ɗaya ce. Abin da ya raba su wata biyu da rabi ne, kuma waɗannan watanni suna wuyan mutum guda: jami'in da aka damƙa wa ragamar shirin raya noman, wanda ma'aikata ke kira kodineta.

A wurina wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta, mai wuyar koyo, kuma ba a cika yaba wa masu ita ba. Idan sun yi daidai, babu abin kallo. Iri ya zo a kan kari, taki ya zo, mai saye ya zo da motarsa, kowa ya koma gida yana ganin dama haka ya kamata. Sai ranar da abu ya lalace ake tambayar wa ke riƙe da shirin.

Mutanen Gwarzo da Kabo sun daɗe da sanin irin waɗannan shirye-shirye. Hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa ƙasar Kabo, ta bi ta Gwarzo ta faɗa Dayi, ita ce ke kai mutum Malumfashi da Funtuwa, kuma a Funtuwa ne, tare da Gusau da Gombe, aka fara gwada shirin raya noma da kuɗin Bankin Duniya a 1975. A farkon shekarun 1980 Kano ta kafa nata, wato KNARDA, da kamfanin KASCO mai sayar da kayan noma. Ƙungiyar Sasakawa, wadda Ryoichi Sasakawa da Norman Borlaug da Jimmy Carter suka assasa a 1986, ta shigo Najeriya a 1992 da gonakinta na gwaji. Shirin Fadama ya zo da rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa. A 2012 aka kawo rabon taki ta wayar salula, buhu biyu a rabin kuɗi. Daga baya kuma aka kawo KSADP, shirin noma da kiwo na jihar Kano mai dala miliyan 95, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tsaya masa. Ga kuma madatsun ruwa na Guzuguzu da Magaga a ƙasar Kabo, da ta Pada a Gwarzo, daga cikin aikin tare ruwa da aka faro tun zamanin Audu Bako. Dattijon da ke noma a Getso ko Garo ya ga motoci masu tambari iri-iri sun zo sun wuce. Saboda haka idan sabon jami'i ya tsaya a gabansa yana bayani, ba kalmomin yake auna wa ba. Jira yake ya ga ko abin da aka ce zai zo ranar kaza ya zo.

Abu na farko da gwani ya iya shi ne lissafi da baya. A wannan yanki ruwa kan zauna ne a cikin Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. To daga ranar shuka yake fara ƙirge, yana komawa baya. Idan za a yi shuka a Yuni, dole iri da taki su kwana a ɗakin ajiya na gari tun Mayu, kafin hanyoyin ƙauye su jiƙe babbar mota ta fara kafewa. Idan za su sauka a Mayu, dole a gama da 'yan kwangila a Maris. Idan za a yi haka, dole takardar neman kuɗi ta bar teburinsa tun ana sanyin hunturu, domin ya san sa hannu nawa za ta nema, ya san wane ofis ne takarda ke kwana a cikinsa, ya san wanda ke tafiya hutu a Disamba. Mai ba da kuɗi yana da shekararsa ta kasafi, baitulmalin jiha yana da tasa, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta san da zaman damina. Aikin kodineta ne ya tilasta musu bin ta. Yana kuma duba kalandar Musulunci, wadda ke matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara: ba ya kiran taro da tsakar rana a cikin azumi, ya san gab da Sallah kowane magidanci kuɗi yake nema, kuma duk abin da ke hannunsa mai sayuwa zai iya sayar da shi. Ranar kasuwa ba ranar taro ba ce. Lokacin noman firi kuma, wanda ya tara manoma da hantsi ya ci musu yini guda na ciyawa.

Aikinsa ya yi kama da na uwar biki mai tukwane biyar a kan wuta, kowace da lokacin nunarta, amma dole a sauke su a zuba wa baƙi a zama ɗaya.

Sai maganar sunaye, inda shirye-shirye da yawa ke mutuwa tun ba a shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Da zarar an ji za a raba kaya, takardun sunaye za su fara isowa daga ko'ina: daga kansila, daga shugaban jam'iyya na mazaɓa, daga wani babba da ke Kano. Wasu sunayen na manoman gaskiya ne. Wasu na mutanen da rabonsu da riƙe fartanya tun suna yara. Kodinetan da bai ƙware ba yakan yi ɗaya cikin biyu, ko ya karɓa duka don a zauna lafiya, ko ya yi watsi da su ya jawo wa shirin gaba. Gwani ba ya yin ko ɗaya. Yakan fara da gaisuwa wurin hakimi, ya sauka wurin dagaci, ya nemi a kira masu unguwanni da sarkin noma. "Ranka ya daɗe, so muke a karanta sunayen nan a ƙofar gidanka, kowa yana ji." Ranar da aka sa, ana zaune a inuwa, malamin gona yana kiran suna, mai sunan yana miƙewa, ana tambayarsa ina gonarsa take, wa ke maƙwabtaka da shi ta gabas, wa ke yamma. Sunan da aka kira babu wanda ya miƙe, kuma babu wanda ya san gonarsa, ba sai jami'i ya ce uffan ba. Shirun jama'a ya isa. Ba a ci mutuncin kowa ba, babban da ya aiko da takarda ba a ce masa ya yi ƙarya ba, amma buhu ya tafi inda ƙasa take.

A irin wannan zama ne ake gane mai lura. Yakan tambayi waɗanda ba sa zuwa ƙofar dagaci: matan da ke cikin gida, waɗanda su ke sayen gyaɗa su matse mai su toya ƙuli-ƙuli, su ke kiwon awaki da tumakin da ake sayarwa a sayi taki. Don su yake neman malamar gona mace, wadda za ta yi sallama ta shiga har tsakar gida. Yakan tambayi mai noma a gonar aro ko ta jingina, wanda ba zai zuba abin da zai gyara ƙasa shekara uku ba alhali bai san ko baɗi gonar tana hannunsa ba. Yakan nemi ardo, domin idan sabuwar gonar rani ta toshe burtali ko mashaya, rigimar da za ta biyo baya ta fi amfanin da za a girba. Sannan yakan sa a zagaya kowace gona da ƙafa, waya a hannu tana auna faɗi, saboda abin da manomi ke kira eka ɗaya sau da yawa ba eka ɗaya ba ce, kuma duk lissafin iri da taki da bashi a kan wannan awon yake tsaye.

Gonar gwaji kowa ya san ta, gani ya kori ji. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne zaɓen inda za a yi ta. Idan aka yi ta a gonar attajirin gari, mai shanun huɗa da tarin takin gida, masu wucewa za su ce ai Alhaji ne, komai ya shuka zai yi. Gwani yakan nemi matsakaicin manomi wanda ake ganin girmansa, mai gona a bakin hanyar da ake bi zuwa kasuwa, ya raba ta biyu: rabi yadda aka saba, rabi sabuwar hanya. Ranar shuka za ka ga an miƙe igiya mai ƙulli-ƙulli a kan kunya, tsakanin ƙulli da ƙulli santimita 25, tsakanin kunya da kunya 75, ƙwaya ɗaya a kowane rami, abin da ke ba da tushe kusan 53,000 a hekta. Taki ba a watsa shi, ana tona ɗan rami ne a gefen tushe, a zuba da murfin kwalba, a rufe, don kada rana da ruwa su tafi da shi. Dattijon da ya saba zuba ƙwaya uku ko huɗu don gudun asara zai tsaya yana girgiza kai. Ba a yi masa gardama. A ce masa, "Baba, mu haɗu a nan in Allah ya kai mu kaka." Kuma lallai ne a haɗu ɗin, a karya masarar kowane ɓangare a gabansa, a auna da kwanon da ya yarda da shi.

Duk wannan yana rataye ne a kan malamin gona, shi kuma malamin gona yana rataye a kan man babur. Ƙaramin abu ne a cikin kasafi, shi ya sa ake mantawa da shi, ko a fara yanke shi idan kuɗi ya yi ƙasa. Kodinetan kirki yakan kare wannan layin kamar idonsa. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, kwana kaɗan ne tsakanin a gan ta da ta gama ɓarna. Malamin da ba shi da mai ba zai je ya buɗe ganye ya duba ba. Haka wuta-wuta a gonar dawa: sai wanda ke zuwa ne zai san gonar da ya kamata a huta da hatsi a sa waken suya ko gyaɗa.

Inda na fi jinjina wa masu wannan sana'a shi ne ɓangaren ciniki, domin nan ne aikin ya fi wuya, nan kuma aka fi sakaci. Ƙara yawan amfanin gona abu ne da aka san hanyarsa: cibiyar bincike ta Samaru da IITA sun fitar da irin masara da wake da gyaɗa da waken suya masu kyau. Amma idan ƙauye guda ya ninka abin da yake girba, kowa kuma ya fito da shi a mako ɗaya, farashi ne zai faɗi, manomi ya ga ya ƙara wahala bai ƙara kuɗi ba. Da kaka ake bin sa bashin da ya ci da damina, da kaka ake biki, da kaka ake neman kuɗin makaranta. Ba rashin wayo ke sa shi sayarwa da arha ba, matsi ne. Don haka gwani tun masara ba ta kai gwiwa ba yake shiga kasuwar Dawanau, yake zuwa wurin masu haɗa abincin kaji da masu matse mai, yana tambayarsu abu uku: wane iri kuke so, yaya bushewarsa, tan nawa za ku ɗauka a tashi ɗaya. Babban mai saye ba zai aiko tirela don buhu ashirin ba. Tirela tan talatin take so, wato buhu ɗari uku masu kilo ɗari, kuma iri ɗaya, bushewa ɗaya, babu tsakuwa. Tara wannan daga hannun mutum sittin ko ɗari, kowa da buƙatarsa, shi ne ainihin gwanintar.

Bushewa ita ce kan gaba. Masara ba ta ajiyuwa lafiya sai danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin ɗari. Inda babu na'urar awo, akwai dabarar da malaman gona ke koyarwa: a samu kwalba busasshiya, a zuba ƙwayar masara, a ƙara busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar ta ta ɗan zauna. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran ruwa a jikin hatsin, a mayar da shi rana, a kan tamfol, ba a ƙasa ba. Wanda ya ga gishiri ya manne da idonsa ba ya sake musu. Dalilin wannan tsanani shi ne gubar da ruɓa ke haifarwa a masara da gyaɗa, wadda ba a ganinta amma tana lalata hanta, kuma tana sa manyan masu saye su juya kaya. Wake kuma ƙwaro ne abokin gabarsa, kuma maganin da ake zuba masa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Buhun nan mai riɓi uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ake kira PICS kuma ake yin sa a Kano, ya kawo sauƙi: leda biyu a ciki, buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowace daban, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu ba tare da an sa magani ba. Mai irin wannan buhu zai iya riƙe wakensa har bazara, lokacin da farashi ke tashi. Amma ba zai riƙe ba sai in yana da abin da zai kashe kafin nan, shi ya sa za ka ga kodineta ya damu da adashin ƙungiya da asusunta kamar yadda ya damu da iri.

Akwai kuskuren da baƙi ke yawan yi, na ɗaukar dillali a matsayin maƙiyin manomi wanda dole a kore shi. Gwani ba ya faɗa wa wannan. Ya san dillalin kasuwar Getso shi ne ke ba da rance ranar da yaro ya kwanta ciwo, shi ke biya nan take, kuma zai kasance a wurin bayan motocin shirin sun daina zuwa. Abin da ake nema shi ne manomi ya san farashin Dawanau kafin ya buɗe baki, a auna da sikeli kowa yana gani, kuma ya zama yana da wata ƙofar idan wannan ba ta yi masa ba. Sau da yawa dillalin da kansa ake jawowa ya zama mai tara kayan ƙungiya a kan lada sananne. Haka kuma gwani ba ya ɗaure manoma da farashin da aka yanke tun kafin shuka, domin in kasuwa ta haura shi, da dare za a fitar da buhuna ta bayan gida, kuma ba za ka ga laifin mai iyali ba. Shirin ba da rancen noma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 ya sha fama da rashin biyan bashi, kuma duk mai wannan aiki ya ɗauki darasi daga nan: a daidaita farashi da na kasuwar ranar da aka kawo kaya, a ɗora ɗan ƙari saboda inganci, a biya da wuri.

Wannan ilimi ba na hatsi kaɗai ba ne. Gahawa ba ta yi a Gwarzo, ana noma ta ne a wurare irin tsaunin Mambila a Taraba, amma masu riƙe da shirye-shiryenta da irin wannan matsala suke kwana, har ma tasu ta fi tsanani. Itacen yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya, shiri kuwa yawanci shekara biyar ne. 'Ya'yan da aka tsinka da safe, in wanke su za a yi, dole a ɓare su a ranar, in ba haka ba ɗanɗano ya lalace. Farashi kuma a Landan da New York ake yanke shi, kuma tun da yarjejeniyar ƙayyade fitar da gahawa ta duniya ta rushe a 1989, ƙaramin manomi ba shi da garkuwa. A 2001 farashin ya faɗi warwas. A daidai wannan lokaci ne, a Maraba ta ƙasar Ruwanda, wani shiri da ya haɗa jami'o'in Amurka da jami'ar ƙasar ya taimaki ƙungiyar manoma ta gina wurin wanke gahawa, ta koyi ware mai kyau daga maras kyau, ta kuma samu masu saye kai tsaye a Ingila da Amurka. Ba sabon itace aka kawo musu ba. An daidaita lokaci, an tsare inganci, an nemo mai saye kafin kaya su taru. Mai tara waken suya a Kabo zai gane kowane mataki a cikin labarin.

Sauran abu biyu da ba a koyar da su a aji. Na farko faɗin gaskiya zuwa sama. Mai ba da kuɗi yana son alƙaluma masu daɗi, kuma babu abin da ya fi sauƙi kamar a ba shi. Jami'in da zai rubuta cewa iri kaza bai karɓu ba saboda mata sun ce tuwonsa ba ya kwana, ko manoma sun ƙi sabon wake saboda ba shi da harawar da za a ba dabbobi, yana saka kansa cikin tambayoyi, amma shi ne ke hana a maimaita asarar baɗi. Ina girmama mai irin wannan rahoto fiye da mai hotuna masu kyau.

Na biyu shi ne shirin tafiya. Kowane shiri yana da ranar rufewa, kuma gwani tun shekarar farko yake aiki da ita a ransa. Ba ya son manomi ya saba karɓar iri daga motar ofis, don haka yakan haɗa kamfanin iri da mai shagon kayan noma na cikin Gwarzo, har ya zama ana samun irin a kan kanta da kuɗi. Yakan zaɓi wasu manoma a koya musu noman iri, wasu samari a koya musu feshi da gyaran injin ban ruwa, su riƙa yi ana biyansu. A shekarar ƙarshe yakan janye hannunsa da gangan. Idan lokacin ciniki ya zo, ba shi ke kiran mai saye ba; yakan miƙa lambar ga sakataren ƙungiya, ya zauna a gefe yana ji ana tayawa ana sallamawa, ko da ya ga da shi ne da ya samo ƙarin wani abu a kan kowane buhu. Littafin ajiya, da sikeli, da makullin ɗakin tara kaya, duk a gaban dagaci ake damƙa su ga shugabannin ƙungiya, a rubuta wanda ya karɓi kowanne, a sa hannu.